Muryar Don Plinio a Cikin Kabad

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Don Plinio a unguwarmu ya san ba gashinsa kaɗai zai ragu ba, har da haƙurinsa. Da zarar ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya ga ba ka da hanyar gudu, sai ya yi gyaran murya ya ɗauko zancen rediyo. Wai tun yana saurayi aka aike shi gidan rediyo a Santiago, mai gabatarwa ya fita shan ruwa, aka miƙa masa sanarwar mutuwa ya karanta. Sanarwa ɗaya ce tak. Amma a bakin Don Plinio, ranar mata sun yi kuka har a garuruwan da rediyon ba ya kaiwa.

Muryar kam akwai ta, ba za a hana shi ba. Daga can ƙasan tumbi take tasowa, mai kauri, in ya ce "juyo nan" sai ka ji kamar alƙali ne ya yanke maka hukunci.

Matarsa, Doña Zoraida, malamar makaranta ce da ta ajiye aiki. Duk Asabar tana tara tsofaffin unguwa a ɗakin taro tana koya musu yadda za su kira 'ya'yansu da ke Nueva York, can Amurka, su gan su ido da ido. Su koya ranar Asabar, su manta kafin Litinin. Da ta gaji da maimaici, sai ta ɗauki bidiyon fuskar kwamfutarta tana aikin, 'yar kibiya tana tafiya tana danna wannan tana danna wancan, don kowa ya riƙa kallo a gida. Abin da ya rage kawai a ɗora murya mai bayani a kai. Ranar Asabar kuma Doña Yocasta ta ofishin magajin gari za ta zo ta gani da idonta, ko ajin ya cancanci a bar masa ɗakin, ko a ba masu koyon rawa da suka daɗe suna nema.

Ana cikin haka mura ta kwantar da Doña Zoraida. Ta wayi gari muryarta ta dishe ƙaf, sai raɗa.

Don Plinio ya tsaya a bakin gado da kofin kofi a hannu, yana ƙoƙarin ɓoye murna.

"Tsohuwata, kwanta abinki. Yau za ki san dalilin da ya sa Allah ya haɗa ki da ni."

Ta ce cikin raɗa, "Zan sa 'yar uwata Milagros ta karanta."

"Milagros? Mai murya kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba? Ga ni a gidanki ki je aro?"

Ba ta da ƙarfin gardama. Ta miƙa masa 'yar takardar da ta rubuta, ta nuna masa jan maɓallin da ake dannawa a fara ɗaukar murya. Ta ce ya yi magana in kibiya ta motsa, ya yi shiru in ta tsaya. Bidiyon duka bai fi tsawon dafa ƙwai ba.

Ya karanta a fili. "Danna koren hoton waya. Nemi sunan ɗanka. Danna hoton kyamara." Ya ninke takardar ya cusa a aljihu. "Wannan ai ba magana ba ce, umarnin soja ne. Bar ni da shi. Tun kafin ki fara bayani na gane."

Kafin rana ta take, duk wanda ya wuce ta ƙofar shagon aski ya ji cewa ana shirya fim kuma Don Plinio ne muryar. Casimiro, mai kantin da ke tsallaken titi, ya ƙetaro da farantin soyayyar agada a hannu. Shi ya riƙe ɗan Plinio ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre, shi ya sa kuma yake faɗa masa abin da wani ba zai faɗa ba.

"Kompadre, kai da ƙararrawar wayarka in ta fara ƙara sai ka danne ta da filo, kai ne za ka koya wa mutane kwamfuta?"

"Akwai masu danne-danne, akwai masu magana. Ni ina cikin na biyu."

"Wannan kam duk unguwa za ta yi maka shaida."

Washegari ya rufe shago. Ya fasa ɗanyen ƙwai a kofi, ya zuba zuma da lemun tsami, ya ɗiga giyar rake, ya shanye, sannan ya ƙara giyar ita kaɗai don ta raka ƙwan. Ya naɗe wuya da mayafin ulu a cikin wannan zafin. Ya zauna a falo gaban kwamfuta, ya danna ja, ya lumshe ido.

"Ya ku masu daraja, na gida da na ƙetaren teku..."

Daidai nan motar mai kayan gona ta shawo kwana da lasifikarta. Da ya saurari abin da ya ɗauka, sai ya ji kansa yana cewa, "Ya ku masu daraja," wata murya ta amsa, "rogo da kabewa," ya ce, "iyayenmu abin alfaharinmu," ta ce, "sun nuna, sun yi arha."

Ya goge, ya sake. Casimiro ya kunna kiɗan bachata a kantinsa. Ya goge, ya sake. Zakaran Doña Eufemia, maƙwabciyarsu, wanda bai taɓa sanin bambancin asuba da tsakar rana ba, ya hau katanga ya yi cara.

Sai Don Plinio ya fita da mayafinsa gida gida yana roƙon a yi shiru gobe da yamma, saboda aikin gwamnati. Doña Eufemia, tsohuwa mai baki, kuma ɗaya daga ɗaliban ajin, ta saurare shi tana tsince shinkafa.

"Ni zan gaya wa zakaran, ko kai za ka yi masa bayani? Gara kai. Sana'arku ɗaya, ku buɗe baki ba a tambaye ku ba."

Unguwa ta cika alkawari. Ranar Juma'a da yamma aka kashe kiɗa, 'yan acaba suka kashe babura, masu wasan domino suka kife 'ya'yan wasan a kan tebur. Amma tunda kowa ya bar abin da yake yi, sai kowa ya taho ƙarƙashin tagar Don Plinio ya ga abin da aka yi shirun dominsa. Mai sayar da ƙanƙara ya ga taro, ya turo amalankensa. Wannan ya ce wa wancan "shii", wancan ya tambaya wa ya ce masa "shii".

Don Plinio ya danna ja. "Barkanku da yamma."

Taron duka ya amsa ta taga, "Barka kadai, Don Plinio."

Ya goge. Ya fito ya yi musu bayani cewa ba da su yake ba. Ya koma ya ce, "Ina fatan kuna lafiya." Wani dattijo mai suna Don Bienvenido ya ce ban da gwiwa, gwiwar ce dai har yanzu.

Wani ɗan acaba ya leƙo. "Don Plinio, na ga mawaƙan zamani a cikin kabad ɗin kaya suke shiga su ɗauki murya. Tufafi na shanye hayaniya."

"Dama abin da nake shirin yi ke nan. Gwada ɗakin kawai nake yi."

Aka sallami jama'a. Doña Zoraida ta koma ɗakin 'yarsu ta kwanta don ta samu barci. Don Plinio da Casimiro suka shiga uwar ɗaki suka buɗe kabad. Nan aka gane cewa ko dai Don Plinio ya shiga ko kwamfuta ta shiga, amma tumbinsa ba zai zauna da kowa ba. Sai aka bar kwamfutar a kan gado, aka ja igiyar makirufo ta ƙarƙashin ƙofar kabad.

Casimiro ya ce, "To yaya za ka ga kibiyar?"

"Kibiya ce za ta bi ni. Danna ja ka rufe."

Casimiro ya danna, ya tura ƙofa, tumbi ya turo ta. Ya sake turawa, ta sake dawowa. Sai ya murɗa makulli, ya zare, ya jefa a aljihu yadda ya saba yi a kanti ba tare da tunani ba. Daidai lokacin motar lemo ta tsaya ƙofar kantinsa tana hon, ya fice da sauri.

A cikin duhu, tsakanin rigunan matarsa, Don Plinio ya ji muryarsa ta cika wurin kamar a coci, daɗi ya kama shi. Ya gaida manyan baƙi. Ya yabi ƙasa da tekunta da matanta. Ya ba da tarihin yadda a da ake aika wasiƙa ta jirgin ruwa, da yadda ake layi a rumfar tarho a tsakiyar gari. Ya yi wa uwayen da 'ya'yansu ke nesa jawabin da shi kansa ya sa shi hawaye, ya share da wani abu mai santsi da ya laluba. Can ya tuna da koren hoton waya, ya faɗe shi a gurguje. Sai ƙamshin kafur ya kai masa hanci, ya shiga atishawa. Da ta lafa ya yi sallama mai tsawo, ya tura ƙofa.

Ƙofa ta ƙi.

Ya kira kompadre a hankali, da muryar rediyo. Ya kira da ƙarfi. Zufa ta keto masa ta cikin mayafi. Daga nan ya ajiye rediyo gefe ya shiga kiran matarsa da muryar da uwarsa ta haife shi da ita.

Doña Zoraida ta taso ta tarar da kabad yana rawa. Ta ja ƙofa, ba makulli. Ta je taga ta buɗe baki, ba murya. Sai ta ɗauko tukunya da ludayi ta tsaya a baranda ta shiga bugawa.

To mu a wurinmu in mace ta fito baranda tana buga tukunya, kowa ya san da masu wutar lantarki ake, ga shi kuwa satin nan sun addabe mu. Doña Eufemia ce ta fara amsawa da murfin kasko. Kafin ka ce me, layin gaba ɗaya ya ɗauka, har layin bayan coci. Doña Zoraida tana nuna cikin gida da ludayi, mata suna ɗaga mata hannu suna jinjina, wai ga malama, ko tana ciwo ba ta yarda da zalunci ba.

Sai da Doña Eufemia ta shigo ta yi mata barka da jagoranci sannan ta ji kabad yana cewa iska, iska. Aka aika aka kira Casimiro, ya zo yana lalube aljihu. Ƙofa na buɗewa Don Plinio ya faɗo sharkaf da gumi, rigar Kirsimetin matarsa a kafaɗarsa. Ya ga ɗakin cike da mata riƙe da tukwane. Ya miƙe ya gyara mayafi.

"Wa ya ce ku buɗe? Ina tsakiyar aiki."

Ya je kan gado ya danna ja ya tsayar da ɗauka, wadda tun ɗazu ba ta tsaya ba. A fuskar kwamfuta ga layin hoto ɗan guntu, ga layin murya ya miƙe kamar hanyar babban birni. Hoton na dafa ƙwai ne, muryar ta kai ta dafa wake. Manhajar ta fito da tambaya: murya ta fi hoto tsawo, a yanke ta, ko a matse ta ta shiga?

"Yanke? Wa zai yanke muryata?" Ya danna matsewa, ya adana.

Doña Zoraida ta kama hannun rigarsa. "Mu saurara."

Kamar jira ake, sai aka ɗauke wuta da gaske, kwamfutar da ta wuni a kunne ta yi ƙifta ta mutu. Mata suka ce kun gani, ramuwa ce, suka fita suka ci gaba da bugu. Wuta ba ta dawo ba sai safiyar Asabar, ana shirin fita.

"Ba sai mun saurara ba, tsohuwata. Ni na faɗa, na san abin da na faɗa."

Ɗakin taro bai taɓa cika haka ba, don Don Plinio ya gayyaci duk wanda ya taɓa yi wa aski. Tsofaffin aji a gaba, Doña Yocasta a tsakiyarsu da tabarau, Doña Zoraida a gefe da mayafi a baki. Casimiro ya ba da aron babbar lasifikar kantinsa. Aka haɗa kwamfuta da majigi, fuskarta ta fito a bango. Don Plinio, cikin farin kwat ɗin aurensa wanda maɓallansa ke neman agaji, ya danna bidiyo, ya tsaya gefen bango, hannu a ƙirji, ido a lumshe.

Abin da ya fito daga lasifikar wata 'yar siririyar murya ce mai gudu, kamar ɓera ya sha kofi. Kafin kibiya ta kai hoton farko, ɓeran ya gama gaida baƙi, ya yabi teku, ya hau jirgin ruwa ya sauka. Ya yi wa uwaye kuka cikin ƙiftawar ido. Koren hoton waya ya wuce fit, bayan kibiya ta daɗe da barinsa. Sai atishawa, tsit tsit tsit. Sai ƙarar tukwane kamar ana kaɗa cokali a kofi, 'yar muryar tana tsalle a kai tana cewa, "Zoraida, iska. Zoraida, zan mutu. Zoraida, na tuba."

Bidiyo ya ƙare.

Doña Eufemia ta ce, "Wai 'yar wa aka kulle?"

Wuri ya fashe. Don Bienvenido ya yi dariya har haƙoransa na roba suka zamo, ya tare su da hannu.

Don Plinio ya ɗaga hannu. "Lasifikar ce."

Casimiro ya ce, "Kompadre, lasifikata ta yi aure, ta yi baftisma, ta yi siyasa. Ba ta taɓa mai da ƙato jariri ba."

Don Plinio ya murɗa duk abin da ke murɗuwa a jikin lasifikar, ya sake kunnawa. Ɓeran ya dawo da ƙarfi ninkin na da, karnukan layi suka ɗauki haushi. Ya kashe da sauri.

"Ba komai. Ƙwararre ba ya dogara da na'ura. Zan yi muku kai tsaye."

Ya zauna gaban kwamfuta ya ɗora yatsa. Kibiya ta gudu kusurwa ta ɓuya. Ya lalubo ta, ya danna, sai ga hotonsa ya cika bango, yana barci a bakin teku baki buɗe, wani yaro ya binne masa ƙafafu da yashi.

"Ba nan ba, Plinio, rufe. Ga 'yar alamar can sama," in ji Doña Eufemia.

"Na sani."

"Koren, ba shuɗin ba," in ji wata.

"Nuna muku kuskure nake yi tukuna."

Don Bienvenido, wanda a aji sai an tuna masa inda ake kunna waya, ya miƙe da sandarsa ya je bango yana nunawa. "Nan. Sau ɗaya za ka danna, ba dakan tafarnuwa kake ba." Tsofaffin nan da ke manta komai kafin Litinin, da suka samu wanda za su gyara wa, sai ga komai ya dawo musu daki-daki. Suka kora shi kamar akuya har jerin sunaye. Yana ta gumi, ya danna hoton kyamara a kan sunan da ke sama, don dai a rabu da shi.

Sunan kuwa Amantina, yayarsa da ke Nueva York.

Fuskarta ta cika bango, kanta shafe da rinin gashi an ɗaure da leda, cokali a hannu. "Zoraida, ya jikin?" Ta matso da ido. "Plinio? Kai ne? Mutuwa ka yi aka sa maka farin kwat?"

"Yaya, muna cikin taro."

"Taro? Tun Kirsimeti ba ka kira ni ba, sai yau da na yi kama da dafaffen rogo a leda za ka nuna ni wa gari?"

Doña Eufemia ta ture shi ta juyo da kwamfutar. "Amantina, ja za ki mai da gashin?"

"Eufemia? Kina nan da ranki?"

Shi ke nan, tsofaffi suka yi layi. Wannan ya ƙara sauti, waccan ta gyara kyamara, Don Bienvenido ya ba da saƙo a kai wa ɗansa. Don Plinio ya lallaɓa ya miƙa hannu zai rufe murfin kwamfutar, Amantina ta ce daga lasifika, "Ina ganin hannunka. Taɓa ka gani." Ya janye. Sai da aka gama gaishe-gaishe, Doña Eufemia ta yi sallama ta danna jan hoton waya da yatsa ɗaya, ta dube shi ta koma kujerarta.

Doña Zoraida ta rufe fuska da mayafi, ta riga ta sallama ɗakin ga masu rawa. Doña Yocasta ta cire tabarau ta share hawaye, ta zo ta zauna kusa da ita.

"Malama, na zaga azuzuwa da yawa, ana gyaɗa mini kai kawai. Yau na ga ɗalibai suna koyarwa. Ɗakin naku ne. Bidiyon dai, in kin warke, ki ɗora muryarki."

Sannan ta juya wurin Don Plinio, wanda ke neman ƙofa da ido.

"Don Plinio, 'yar muryar nan, kai ka yi?"

Ya ce, "Ya danganta."

"Muna shirya fim ɗin zane mai motsi na 'yan makaranta a kan wanke hannu. Akwai wani ɓera a ciki, mun rasa mai yi masa murya. Da kukan da atishawar, duk irin wanda muke nema ne."

Don Plinio ya ja gaban kwat ɗinsa, ya yi gyaran murya daga ƙasan tumbi. "Sai na duba lokacina."

Ranar Litinin Casimiro ya zo gyaran gemu. Shago cike. Don Plinio ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa, yana gaya wa jama'a cewa gwamnati da kanta ta zo har unguwa ta nemi muryarsa, kuma shi ne babban jarumin fim ɗin.

Casimiro ya ce daga cikin kumfa, "Ɓera ne fa, kompadre."

"Ɓera ɗaya ne a fim ɗin gaba ɗaya. Ba su ga buƙatar na biyu ba."

Kafaɗun Casimiro suka fara rawa. Don Plinio ya wasa aska a kan fata a hankali, ya ɗaga masa haɓa, ya ɗora ta daidai maƙogwaro.

"Akwai abin dariya ne, kompadre?"

Casimiro ya haɗiye dariyar da ƙyar. Sai da aka goge masa fuska, ya sauka, ya ƙetare titi ya shiga kantinsa, sannan muka ji ta daga can.